Kwanon Saratu a Daminar Kwalara

Markar bana ta sauka a Samaru da nauyinta. Tun shekaranjiya rana ba ta leƙo ba, shanya ta ƙi bushewa, gishiri ya jiƙe a gwangwani, gwiwoyina kuma sun fara ba ni labarin da ban tambaye su ba. Ina zaune a baranda ina tsince wake, sai ga jikata Ummi ta dawo daga makaranta tana ƙunƙuni. Wai amai da gudawa ya ɓulla a wata unguwa, don haka an ajiye bokiti mai famfo a ƙofar makaranta, kowa sai ya wanke hannu kafin ya shiga, kuma daga yau ba mai cin abincin wani, ba mai shan ruwan wani.

"Hajiya, ko cokali ɗaya aka ga kin ɗiba a kular ƙawarki, sai an kai ki ofis," in ji ta. "Wannan ai mugunta ce."

Na ce mata ta cire rigar makaranta kafin sanyi ya kama ta. Ta shige ɗaki tana ci gaba da mita, ni kuwa hannuna ya tsaya a cikin waken. Dokar nan na san ta tun kafin a haifi uwar Ummi.

A farkon shekarun saba'in ne, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Ina aji bakwai a wata firamare a Sabon Gari, muna haya a wani gida mai ɗakuna jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Babanmu lebura ne a gonakin gwaji na Samaru. Kullum da sassafe yake taka kekensa ya tafi, ya dawo da yamma wandonsa duk laka, da labarin abin da ya ji ma'aikata na faɗa. A bakinsa muka fara jin kalmar kwalara. Ya ce cuta ce da ta zagayo ƙasashe har ta iso mu, mutum zai kwana lafiya, kafin azahar ya tsiyaye ya ƙare. Inna ta ce Allah ya kiyaye, ta ci gaba da tuƙin tuwonta, don a lokacin ba wanda ya san ta a ido.

Mu huɗu ne ƙawaye a aji: ni, da Binta, da Ladi, da Saratu. Saratu ce shugabarmu, ba don mun zaɓe ta ba. Doguwa ce, siririya, mai kaifin baki da kaifin kai, in ana lissafi kafin malama ta gama rubutu a allo ta ɗaga hannu. Babanta soja ne, ya tafi yaƙi bai dawo ba. Mamanta na sayar da kunun zaƙi a ƙofar makarantarmu da tashar mota, tana kuma noma wani ɗan fili a gefen layin dogo. Da wannan take riƙe da yara huɗu a ɗaki ɗaya kusa da cocinsu.

Saratu tana da wani kwano. Babba ne, mai farin fenti da baƙin baki, da murfinsa, fentin ya ɗaɗɗaye a gindi. Kullum da shi take zuwa makaranta, ɗaure a tsumma. Ita ta kafa mana tsari tun muna aji huɗu: da safe, kafin a buga ƙararrawa, kowace za ta ɗan ɗaga murfin ta juye abin da ta kawo, ba tare da ta leƙa ba. "Ba a leƙa min kwano," haka take cewa, kuma wadda ta leƙa ranar ita za ta wanke. In an fita tara sai mu zauna gindin darbejiya, Saratu ta girgiza kwanon sosai, sannan ta buɗe. Abin da ke fitowa ba shi da suna. Wake ne da rogo da dambu da guntun ƙosai, wani lokaci har da ɗumamen tuwo ya naɗe komai. Muna ci muna zagin wadda ta kawo tuwon, ba wadda ke amsa laifi. Har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba, kuma na ci abinci a gidajen manya.

Cutar ta shigo Sabon Gari tare da marka. Ruwa ya yi ta zuba ba tsawa ba iska, kwatoci suka cika suka haɗe da hanya, ɗakuna suka ɗauki warin danshi. Itace ya jiƙe, in Inna za ta hura wuta sai ta yi ta fifita tana hawaye. Lokaci ne kuma da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, mudu ya yi tsada, kowane gida an rage hannu. Sai aka fara jin wane an kai shi asibiti, wance ba ta kwana ba. A ajinmu wani yaro da ke zama bayana, mai yawan ja min kitso, ya yi fashi ranar Litinin. Ranar Laraba malama ta sa muka tashi tsaye muka yi masa addu'a, Musulmi da tasu, Kirista da tasu. Ba wanda ya sake zama a gurbinsa har ƙarshen shekara.

Ba a rufe makaranta ba, amma ta zama wata iri. Duba-gari suka zo da gajeren wando da hular kwano, suka zagaya ko'ina suna taɓe baki. Randar da ke bakin kowane aji, da moda ɗaya da duk muke sha da ita, aka kife su. Aka ce kowa ya zo da abin shan ruwansa, sai ga mu duka da gwangwanin madara rataye a wuya da zare, in muna gudu suna ƙara. Aka kafa ganga a bayan ofishin hedimasta, manyan yara maza da mai gadi suna tafasa ruwa da jiƙaƙƙen itace. Ruwan ɗumi-ɗumi ne, yana warin hayaƙi, ba ya kashe ƙishirwa, sai dai ya cika ciki. Da safe mu yi layi, monita riƙe da buta tana zuba mana wani farin ruwan magani mai warin asibiti, mu cuɗa hannu, malama ta duba farce. In ka fito daga bayan gida ka zuba toka, ka sake layin buta. An hana musabaha. Wata rana aka zo da allurar bindiga ta rigakafi, aka jera mu ana ɗana mana a dantse, Ladi ta fara kuka tun saura mutum goma a gabanta.

Duk wannan mun ɗauke shi wasa. Abu biyu ne ba wasa ba. Na farko, aka kori masu talla daga ƙofar makaranta da tasha, musamman masu abin sha mai sanyi, har da Maman Saratu. Na biyu, aka hana ciyayya. Kowa da kwanonsa, kuma dafin ranar, ba kwanan abinci ba. In an fita tara sai mu jeru a baranda, tsakanin kowa da kowa tsawon hannu, malamar ajinmu, Malama Asabe, ta bi layi tana ɗora bayan hannunta a kan kowane kwano ta ji ko da sauran ɗumi, ta ce a buɗe.

Ranar farko da ta iso kan Saratu, Saratu ta dafe murfin da hannu biyu.

"Buɗe mana," in ji Malama.

"Ina azumi, Malama."

Malama Asabe cocinsu ɗaya da su Saratu. Ta dube ta ta ce, "Azumin me a tsakiyar damina?"

"Nawa ne ni kaɗai."

Malama ta wuce. Ni da ke gefenta na ga yadda iska ta ɗan motsa kwanon da ta ɗauke hannu, kwanon da in mun juye namu sai an riƙe shi da hannu biyu. A nan na fahimci abin da ya sa ba a leƙawa: fanko take zuwa da shi. Ban sani ba ko tun can haka yake, ko wasu ranaku ne kawai. Na dai san ina cin wakena ina jin kunyar ƙarar taunata.

Washegari na ƙulle dafaffen rogo a ganye daban, na miƙa mata a bayan aji kafin ƙararrawa, na ce ba wanda ya taɓa shi. Ta dubi ganyen, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Hajara, na ce miki ina bara ne?"

"Ai da ma tare muke ci."

"Da a kwanona kuke ci," in ji ta, ta juya ta bar ni da rogo a hannu.

Da aka fita tara Malama ta sake tsayawa a kanta. Azumi ba zai yi sau biyu ba, sai Saratu ta faɗi abin da ya fara zo mata. Ta ce cikinta ne ba daɗi. A shekarar nan babu maganar da ta fi wannan haɗari. Nan take yaran da ke kusa suka ja baya, aka kira hedimasta, aka kai ta ɗakin shan magani, tana ta rantsuwa lafiyarta ƙalau ba mai saurare. Kafin la'asar duba-gari sun je gidansu sun fesa magani har kan tabarmi, maƙwabta na leƙe. Ba a sami komai a jikinta ba, aka ce ta huta kwana biyu ta dawo. Kwana biyu suka wuce, mako ya wuce, Saratu ba ta dawo ba.

Shekarar ce ta jarrabawar shiga sakandare, kuma duk makarantar an san in mutum ɗaya zai ci, Saratu ce. Malama Asabe ta je gidan da kanta, ta dawo ba ta ce mana komai ba. Binta ce ta ji a bakin famfo cewa Maman Saratu na shirin tura ta ƙauye wajen kawunta, can kudu, ta taya su aikin gona, ko ba komai a can za ta ci ta ƙoshi. Duk mun san wadda aka tura ƙauye a aji bakwai ba ta dawowa aji.

Ranar na koma gida na kasa cin abinci. Inna tana tankaɗe, ta ce, "Ke, lafiya?" Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba har ta bar duniya. Na zauna na kwashe komai na gaya mata, har da rogon. Ina tsammanin za ta yaba min, sai ta ce, "Ke ma da wauta. A bayan aji za ki miƙa wa 'yar mutane abinci kamar kin ga mabaraciya?" Ta ci gaba da tankaɗenta, ruwa na ɗiga daga indararo cikin baho. Can ta karkaɗe rariya ta ce, "Tashi ki je gidan su Saratu. Ki ce ina gaishe da mamanta, ta ara min babban kwanon nan nasu."

Na dubi ɗakin Inna. Kwanukan jerenta tun na aure suna nan reras har kusa da rufi, wasu ba a taɓa zuba komai a ciki ba.

"Inna, ga kwanuka cike da ɗaki."

"Na tambaye ki?"

Na yafa buhu a ka na fita cikin yayyafi. Na sami Maman Saratu zaune a bakin ƙofa, tukwanen kununta a kife a gefe, ɗakin har lokacin yana warin maganin da aka fesa. Na durƙusa na gaishe ta na isar da saƙo. Ta dube ni ta ce, "Innarki baƙi za ta yi?" Na ce ban sani ba, Mama. Ta kira Saratu ta ce ta ɗauko. Saratu ta miƙo min kwanon ba ta ko kalle ni ba.

Da asuba Inna ta tafasa ruwa ta ƙona kwanon ciki da waje, da murfinsa. Ta kwashe wake da dawa daga kan wuta, ta zuba har ya kusa baki, ta yaryaɗa man gyaɗa da yaji, ta rufe ta ɗaure da tsumma. "Ki biya ki mayar musu kafin ki wuce makaranta. Ki ce na gode, Allah ya bar zumunci. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya taki."

Sai a hanya, zafin kwanon na ratsa gammona, na gane. A garinmu, ko a gidan Musulmi ko na Kirista, ba a aron kwano a mayar da shi fanko. Ko ƙwayar goro ce sai an saka. Wadda ta mayar da kwano haka nan, za a yi da ita a bakin famfo har shekara ta zagayo.

Maman Saratu ta kwance tsumman, ta ɗaga murfi, tururi ya bugi fuskarta. Ƙannen Saratu suka matso. Ta daɗe tana kallon waken. Sannan ta ɗauko wani kwano da ludayi, ta ɗebi rabi ta ajiye wa ƙananan, ta mayar da murfi ta ɗaure.

"Saratu, sa rigarki. Ɗauki kwanonki ki tafi makaranta."

"Mama, ni ba zan ci sadaka ba."

"Wa ya ba ki sadaka? Aro aka yi, aka mayar. Ko so kike in aika wa babbar mace cewa ta dawo min da kwano fanko, in zubar mata da mutunci a unguwa?"

Saratu ta tsaya tana huci. Ranar ce aka fara kayar da ita a gardama. Ta shiga ta sa riga. Muka taho tare cikin laka, gwangwanayenmu na ƙara a wuya. Da aka fita tara, Malama Asabe ta ɗora bayan hannu a kan kwanon, ta ji ɗumi, ta ce, "Buɗe." Saratu ta buɗe. Malama ta gyaɗa kai ta wuce na gaba, kamar ba abin da ya taɓa faruwa, amma na ga ta ɗan tsaya a ƙarshen layi tana gyara ɗankwalinta fiye da yadda yake buƙata.

Da yamma Inna ta sake aike na aro. Haka washegari. Mu ma fa ba wadata gare mu ba. Faten da muke sha da dare ya fara tsinkewa, rama da yakuwa suka fi tsakin yawa. Wata rana Baba ya ɗaga ludayi ya bar shi ya zuba, ya ce, "Yau fate aka yi ko kunu?" Inna ta ce, "Malam, in ka sha za ka gane." Bayan kwana biyu ya dawo daga Samaru da ɗaurin rogo a bayan keke, ya ce wani abokin aikinsa ne ya matsa masa.

Inna ba ta iya ɗaukar abin ita kaɗai ba, kuma ba ta yi ƙoƙarin nuna za ta iya ba. Ta yafa mayafi ta leƙa gidan su Binta, ta leƙa gidan su Ladi. Ban san me suka tattauna ba. Na dai ga daga makon nan su ma sun wayi gari ba su da babban kwano. Yau gidanmu, gobe gidan su Binta da dambunsu, jibi gidan su Ladi da dankali. Baba ya ce kwanon nan ya fi kekensa yawo a Sabon Gari. Maman Saratu kuwa kullum da fuskar gaske take bayarwa, har takan ce, "A dai kula min da murfin, ya fara lanƙwasa."

A hankali ruwa ya fara ɗagawa. Rana ta riƙa fitowa da zafinta, aka fitar da tabarmi da katifu aka shanya, warin danshi ya bar ɗakuna. Labarin rasuwa ya ragu, ya koma sai jefi-jefi. Masara ta nuna a gefen layin dogo, sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa da ƙasarta a jiki. A makaranta ba a ɗage dokar ba tukuna, muna nan da layin buta da ruwan hayaƙi, amma an fara dariya a baranda.

Wata Juma'a da yamma, layin gidanmu ne na aro, ina shirin tafiya sai ga Saratu da kanta ta yi sallama, kwanon a kanta, wuyanta na rawa don nauyi. Ta durƙusa ta gaishe da Inna ta sauke. Inna ta kwance, ta buɗe. Dafaffiyar gyaɗa ce sabuwa, cike fal, da masara a jere a sama, duk da zafinsu.

Inna ta ce, "Ikon Allah. 'Yata, a ina aka taɓa ba da aron kwano da kaya a ciki?"

Saratu ta sunkuyar da kai, amma na ga bakinta na motsi. "Mama ta ce ita ma haka ta same shi."

Inna ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta sa bakin zane ta share ido, ta ce hayaƙin murhu ne. Ranar ba a ma hura wuta ba tukuna. Ta juye gyaɗar a faranti, ta wanke kwanon, ta jefa goro biyu a ciki ta mayar. Daga ranar ba a sake aro ba.

Saratu ta ci jarrabawarta, ta tafi makarantar kwana, ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. Muna haɗuwa a biki da ta'aziyya, ta zo ta kwana uku da Inna ta rasu. Mun yi hirar allurar bindiga, da kukan Ladi, da tuwon da har yau ba a san mai kawo shi ba. Maganar aron kwano kuwa ba mu taɓa yin ta ba, kuma ba na jin za mu yi.

Ummi ta fito daga ɗaki ta zauna kusa da ni, ta sa hannu a waken tana ɓata min tsinta. Ruwa ya sake tsinkewa a kan kwanon rufi.

Na ce, "Ƙawata, da kuka zauna cin abinci yau, kowa ya buɗe kularsa?"

Ta ɗan yi tunani. "Kowa ya buɗe. Sai dai Maryam, ta ce wai ba ta jin yunwa. Ita kullum a tawa take ci."

"A ina gidansu yake?"

"Bayan masallacin Juma'a. Me ya faru, Hajiya?"

Na miƙa mata lema. Na ce, "Je ki ce ina gaishe da mamanta. Ki ce ta ara min kular Maryam."

Ummi ta waiwaya ta dubi kicin, inda kuloli ke jere a kan kanta tun na bikin uwarta. Ta buɗe baki za ta yi magana.

Na ce, "Na tambaye ki?"